Ranar da Aka Dafa Mana Makankari

Har in koma ga Allah ba na jin zan manta da ranar Alhamis ɗin da aka tarbe mu da daro a wata tungar masunta da ke ƙasa da Warra. Ba zan faɗi sunan tungar ba, don mutanen kirki ne, kuma har yanzu muna gaisawa. Ku da aka ɗauka aiki bana za ku shiga gidaje kamar yadda na shiga, gara ku ji labarin daga bakina kafin ku ji shi daga bakin Malam Bala, don shi idan ya ba da shi yakan tsallake inda ya shafe shi.

Ni matar aure ce a Yelwa, karatuna bai wuce sakandare ba. Abin da ya kai ni aikin shi ne masu binciken da suka zo daga jami'a yawancinsu maza ne, ba su da hanyar shiga cikin gida su yi magana da mata, alhali mata ne suka san makankari. Maigidana ya amince, aka rubuta ni mataimakiyar fili, muƙamin da babu na ƙasa da shi a tawagar. A samana akwai Malam Bala, jami'in fili, mai kula da mota da jirgi da takardu da gaisuwar sarakuna. A saman kowa akwai Dokta Maryam, shugabar tawaga, mace marar yawan magana wadda ta fi shekara nawa tana bin wannan halitta.

Makankari dai kun san shi, ko da a madafin kakanninku ne: ɓawon nan mai sheƙi da ake kankare ƙanzo da shi. Abin da da yawa ba mu kula ba shi ne mai rai ne, yana kwance cikin yashi a gindin ruwa, yana shan ruwa mai laka yana fitar da shi a tace. Iri biyu muke da su a wajenmu. Akwai siriri mai tsawo, wanda yake ko'ina. Akwai kuma mai faɗi, mai kauri, bayansa da gurza-gurza, cikinsa ja-ja kamar farcen jariri. Wannan na biyun ne yake ƙarewa. Tsofaffi sun ce a da ana taka shi a kowace mashaya, yanzu sai a yi yini ana lalube ba a samu ba.

Aikin Dokta shi ne a karanta kundin gadonsa. Yadda ta yi mini bayani, kowane mai rai Allah ya ajiye masa rubutun halittarsa a cikin ƙwayoyin namansa, kuma yanzu akwai na'urar da ke bin rubutun daga farko har ƙarshe. Idan an karanta, za a gane ko na Warra da na Yauri da na wajen Shanga zuriya ɗaya ne ko kowa da gidansa, a gane ko sun ragu har suna ta haihuwa tsakanin 'yan uwa na jini, a san wanda za a iya ɗauka a kai wani wuri ya rayu da wanda ba za a taɓa ba. Ba tare da wannan ba, duk mai son ya cece su lalube yake yi. Ni dai da na ji, abin da na ce shi ne Subhanallah, abin da muke kankare tukunya da shi ashe littafi ne guda.

Ga ƙa'idar aikin, ku riƙe ta da kyau. Dole a samu dabbar da ranta. A buɗe bakinta kaɗan, a yanki nama daga gefe wanda bai fi ƙwayar shinkafa ba, a sa a 'yar kwalba, a rubuta lamba, a jefa cikin tukunyar sanyi, sannan a mayar da ita inda aka ɗauko ta. Tukunyar sanyin kamar tulun gas take, a cikinta akwai wani ruwa mai hayaƙi da ya fi ƙanƙara sanyi nesa ba kusa ba, kuma kullum raguwa yake, ko an buɗe ko ba a buɗe ba. Takardar izinin da hukuma ta ba mu ta ce guda biyar kawai za mu taɓa. Kuma sai a farkon damina ake iya aikin, lokacin da tafki ya ja baya, kafin sabon ruwa ya sauko ya rufe yashin. Mun yi kwanaki muna yawo ba mu samu ko ɗaya ba, ruwan tukunya ya kusa kai wa gindi. Wannan tungar ce wurinmu na ƙarshe.

Ranar Talata muka fara zuwa gaisuwa. Tsarin shi ne a fara da mai gari, sannan Sarkin Ruwa, shugaban masunta, sannan ni in shiga wajen mata. Dokta ba ta zo ba ranar, ta tsaya Yelwa tana fama da waya kan a ƙaro mana ruwan tukunya, wanda a ƙarshe ba a ƙaro ba. Malam Bala ya zauna gaban Sarkin Ruwa ya yi bayani, kuma don Allah ba zan yi masa ƙarya ba, ya faɗi gaskiya: guda biyar muke so, masu rai, ranar Alhamis za mu dawo a nuna mana inda suke. Sarkin Ruwa ya ce akwai su a bakin wani rafi da ke shiga tafki, matansu sun san wurin. Na ji daɗi har na yi hamdala a fili.

Na miƙe zan shiga cikin gida, sai Malam Bala ya dubi sama.

"Malama Rabi, hadari ke haɗowa. In iska ta same mu tsakiyar ruwa, ke za ki ja jirgin?"

Na ce, "Malam, minti goma kawai. In gaya wa Hajiya da bakina."

"Ai na gaya wa maigidanta. Ko kin fi Sarkin Ruwa iya magana da matarsa ne?"

Mazan wurin suka yi dariya. Kunya ta kama ni, na ja mayafina na bi shi zuwa jirgi. Hadarin nan ko ɗigo bai zubar ba. Wannan minti goma da ban nace a kansu ba, har yau suna ci mini rai.

Ranar Alhamis da hantsi muka iso, da Dokta da tukunyarta. Tun daga nesa na ga taro a bakin ruwa, na ce a raina to wannan kuma na mene ne. An share fili, an shimfiɗa tabarmi, mata sun yi kwalliya sun tsaya daga gefe. Bayan an gaisa, Sarkin Ruwa ya yi ishara, sai ga mata biyu sun rungumo wani babban daro an rufe shi da sabon zane. Hajiya Ige, uwargidan Sarkin Ruwa, tana biye da su tana murmushi. Ita da kanta ta yaye zanen.

Makankari ne, cike da daro har ya yi tozo. Mai faɗin nan, mai jan ciki, wanda muka yi kwana da kwanaki muna nema. Kowane ɗaya a buɗe, an wanke shi tas, an goge shi da toka yana ɗaukar ido. Babu nama ko na miskala.

Na dubi Dokta. Ta durƙusa ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta ɗauki wani ƙarami wanda bai kai tafin hannun jariri ba, ta daɗe tana kallonsa.

Ni ce na iya buɗe baki. Na ce, "Hajiya, ina naman?"

"Wane nama, ɗiyata?"

"Na cikinsu. Ai da ransu muka ce."

"An gaya min. Maigida ya ce baƙi na son biyar, da ransu." Ta gyara ɗaurin kallabinta. "Ni ko nac ce, baƙi su taso tun daga birni, mu miƙa musu abu biyar da laka da ƙarni? Mi za a ce da mu? Jiya tun da sassafe na tada mata duka, munka tahi rafi munka kwashe. Munka tafasa, munka ɓare, munka wanke. Dubi hannuna, duk ya yanke."

Ta miƙo mini hannayen. Gaskiya ne, duk sun tsattsage.

"Hajiya, naman fa? Ko dafaffen ne, yana ina?"

"Agwagi sun canye tun jiya. Wa ka cin wanga abu?"

Sai Malam Bala, wanda tun da aka yaye zane ya koma bayan mutane, ya leƙo ya ce, "Dokta, to ko a kamo agwagwa ɗaya a duba cikinta?"

Ban taɓa jin Dokta Maryam ta ɗaga murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba. Ta juyo ta dube shi kawai, ta ce, "Malam Bala, don Allah je ka duba jirgi." Jirgin nan babu abin da ya same shi, amma ya tafi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne babu wanda zan yi wa faɗa. Matan nan sun bar sana'arsu, sun yi yini guda cikin ruwa, sun ƙone itacensu, don su fita kunyar baƙi. Suna tsaye suna jiran a yaba. Da ni ce a gidana aka ce baƙo na son ƙwai biyar, ai ba zan kai masa biyar da kashin kaza a jiki ba. Na san wannan sarai, shi ya sa aka ɗauke ni aikin, kuma shi ne abin da ban shiga na hana ba. Dokta ta daure ta yi godiya, ta ce Allah ya saka da alheri. Sannan ta roƙi a kai mu rafin.

Mun je. Yashin duk sawun ƙafa ne da ramuka. Muka tuɓe takalma muka shiga, ni da Dokta da wasu mata da suka fara gane cewa akwai matsala. Ana lalube da ƙafa ne, a taka a hankali har a ji abu mai tauri. Tun hantsi har rana ta take muna abu ɗaya. Siririn nan mun samu da yawa. Mai faɗi ko ɗaya. Hajiya Ige da hannu ta yi aikinta jiya, ba ta bar ko na rantsuwa ba.

Da muka fito, Dokta ta zauna a kan tushen wata bishiya ta ce mini, "Malama Rabi, na zo in karanta su don a cece su, ga shi zuwana ne ya ƙare su. Me zan rubuta wa masu ba da izini? Biyar suka ce." Na ce bari in yi azahar in dawo.

Ban koma gidan Sarkin Ruwa ba, don ba na son Hajiya ta ga fuskata. Na yi sallama a wani ɗan gida na ƙarshen tunga, na tarar da wata tsohuwa ita kaɗai tana gyaran kifin banda a kan wayar gashi. Sunanta Inna Tumba. Na roƙi ruwan alwala, ta ɗebo mini a randa ta zuba a buta.

Ku da kuka san bakin tafki a farkon damina kun san yadda ruwa yake, ja kamar kunun kanwa. Wanda aka ba mu a wajen taro ma sai da na runtse ido na sha. Amma da na zuba wannan a tafin hannuna, sai na ga zanen hannuna ta cikinsa. Na idar da sallah, na yi addu'ata, abin bai bar raina ba.

Na ce, "Inna, alam kike sa wa ruwanki?"

"Alam? Ina ni ina alam. Yana ɓata min baki."

"To ya aka yi ya yi haske haka?"

Ta yi dariya, ba haƙori ko ɗaya a sama. Ta ce, "Taho ki gani, 'yar boko." Ta ɗaga faifan randar. A gindi ta zuba yashi, kuma a cikin yashin ga su nan su uku, sun ɗan buɗe baki, masu faɗi, masu gurza-gurza. Da inuwata ta faɗa kansu sai suka rufe.

Na zauna a ƙasa. Na ce, "Inna, suna da rai?"

"In ba su da rai wa ka tace min ruwa? Haka innata ta yi, haka nika yi. In zuba da safe, kafin la'asar ya kwanta. Ran Juma'a in maida su gida su huta, in ɗauko wasu. In sun daɗe a randa ramewa sukai."

"Jiya ba ki je rafi da su Hajiya ba?"

"An aiko. Nac ce ƙafata na ciwo." Ta taɓe baki. "Ni ban dafa abin da ka yi min aiki."

Na fita da gudu ba ko takalmi, abin da ban yi ba tun ina budurwa. Na jawo Dokta ta bayan gidaje. Da ta leƙa randar nan sai ta rufe bakinta da hannu biyu.

Kada ku ɗauka shi ke nan an gama. Da Inna Tumba ta ga an fito da ɗan almakashi sai ta mayar da faifanta ta zauna a kan murfin randar.

"A'a. Kun gama da na rafi, kun biyo nawa?"

Na ce, "Inna, ba mu muka dafa ba."

"Don wa anka dafa?"

Na yi ta bayani, na kawo rubutun halitta, na kawo zuriya, ta ce ita ba ta ga rubutu a jikinsu ba, kuma ta girme ni da ganinsu. Na yi rantsuwa, ta ce 'yan birni rantsuwa ba ta yi musu wuya. Ga rana tana yin ƙasa, ga tukunya tana ta hayaƙi, ga Malam Bala ya aiko a ce mana mai jirgi yana gunaguni. Wallahi na ji kamar in ɗauke tsohuwar nan da randar gaba ɗaya in sa a jirgi. Na yi istigfari a zuci.

Dokta ce ta warware. Ta ce in gaya wa Inna za a yi wa ɗaya kawai, a gabanta, a mayar randa, mu zauna mu jira. In bai sake buɗe baki ya ci gaba da shan ruwa ba, ba za a taɓa sauran ba, kuma ta yarda a kai ta ƙara gaban Sarkin Ruwa. Inna ta ce to, amma ita za ta riƙe shi da hannunta.

Haka aka yi. Ta riƙe, tana yi masa sannu kamar jikanta za a yi wa allura. Dokta ta buɗe kaɗan, ta yanki ɗan mitsitsi, ni na riƙe kwalba na rubuta lamba ta ɗaya, ina gaggawa har lambar ta karkace. Aka jefa a tukunya, aka mayar da shi randa. Muka zauna mu uku muna leƙen randa kamar marasa aikin yi. Na yi salati ban san adadi ba. Can sai bakin ya motsa, ya buɗe siriri, 'yar ƙura ta tashi a kan yashi.

Inna Tumba ta ce, "To. Ɗauko na biyu."

Uku muka samu a randa. Sauran biyun ta ce sai dai a inda take ɗaukowa, kuma ba rafin Hajiya ba ne, wani lungu ne bayan duwatsu da ita kaɗai take zuwa. Sharaɗinta: ni da Dokta kawai, ba namiji, kuma kada Hajiya Ige ta ji, "don in ta ji kun yaba, gobe sai ta cika muku daro biyu." Muka bi ta kamar masu zuwa ɗebo itace. Ruwa iya gwiwa, a takun farko na taka ɗaya. Suna nan, manya da ƙanana. Dokta ta yi aikin biyu, ta mayar, ta rufe tukunya. Biyar cif, yadda takarda ta ce.

A jirgi Malam Bala ya fito da fom ya ce ƙa'ida ce a rubuta wurin da aka samu kowane ɗaya, kuma a sanar da Sarkin Ruwa. Na ce masa, a karo na farko tun da na fara aikin, "Malam, wannan karon ba za ka gaya wa maigidan kowa ba." Dokta ta karɓi fom ɗin ta rubuta wurin a littafinta na kanta, ta ce ita za ta yi wa hukuma bayani, har da na daron, ba za ta ɓoye ba. Daron ma mun taho da shi, don ba a mayar da kyauta. Dokta ta auna ɓawon ɗaya bayan ɗaya, ta ce ko ba komai a san girman abin da aka rasa.

Mako na gaba na koma ni kaɗai, na shiga wajen Hajiya Ige, na zauna na ci tuwonta, sannan na gaya mata komai a hankali. Ta yi kuka. Ta ce me ya hana ni shigowa wajenta tun ranar Talata. Ita ce daga baya ta sa mijinta ya hana taɓa rafin, ko wasu ƙanana da suka tsira cikin yashi za su taso. Bayan watanni Dokta ta kira ni ta ce naman ya yi kyau, an karanta, kuma lamba ta ɗaya, mai karkatacciyar lambar nan, ita ce ta fi fita sosai, a kanta za a riƙa gwada duk wanda aka samo a wasu wurare. Na kai wa Inna Tumba labari. Ta ce ita dai tun da aka yanke shi ya rage ƙoƙari, a gaya wa likitar.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku tafi da shi. A wannan aiki ba mugunta ce za ta ɓata muku samfur ba, kirkin mutanenmu ne. In kun ce kaɗan za a kawo da yawa, in kun ce da laka za a wanke. Saboda haka saƙo ba ya isa don an faɗa wa maigida a zaure. Ku shiga ciki, ku sami wadda za ta sa hannu a ruwan, ku gaya mata abin da kuke so, ku gaya mata abin da kuke roƙon kada ta yi, ku faɗi dalili. Ko jami'in fili ya ce sama za ta faɗo, ku ce a ba ku minti goma. Kuma in an ba ku ruwa a gida, ku dube shi kafin ku sha.

Hajiya Ige ta zaɓo mafi kyau a daron ta ba ni ranar da muka yi sulhu, ta ce in riƙa kankare tukunya ina tunawa da ita. Yana nan a madafina a kan taga. Har yau da cokali nake kankare ƙanzo.